Tsohon da Ya Mutu a Tsakiyar Littafi

Yayana bai taɓa karanta littafi daga bango zuwa bango ba, amma a layinmu Farfesa ake ce masa, kuma yana amsawa da ƙarfinsa. Sana'arsa fotokwafi. Shagonsa na manne da nawa na ɗinki, mai kemis na ɗaya gefen, saboda haka duk cika bakin da zai yi a rana sai ya bi ta kunnena kafin ya isa titi. Hujjarsa ita ce duk takardar da ta ratsa injinsa ta ratsa ƙwaƙwalwarsa. Da wannan lissafin ya gama karatun likita, ya gama na lauya, ya kuma san yadda ake gina gada. Mai facin tsallaken titi ne ya fara kiransa Farfesa don tsokana. Yaya ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a ƙofar shago.

To, Autata ce ta faɗi jarrabawar adabi. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ba daƙiƙiya ba ce, lissafi ma cinye shi take yi. Matsalarta a ce ta buɗe baki ta yi bayani, nan ne za ka ga ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsu. Makaranta ta ba ta dama ta ƙarshe. Malamarsu ta aro mata wani ɗan littafin labari daga laburare, ta ce ta karanta a hutu. Ranar komawa za ta tsaya gaban malamai da iyaye ta bayyana yadda labarin ya zubu daga farko zuwa ƙarshe, ta kuma nuna adon harshen da ke ciki. In ta iya, ta bi ƙawayenta aji uku. In ta kasa, ta maimaita aji da ƙannensu. Babanta direban babbar mota ne, yana kan hanya, don haka ni kaɗai na sha kukanta ranar.

Washegari ta zo shagona da littafin, ta zauna kan buhun ƙyallaye. Ko shafin farko ba ta buɗe ba Yaya ya leƙo. Ya karɓa, ya jujjuya, ya yi tsaki. Wai rubutun ya yi ƙanana, zai kashe mata ido. Wai kuma nazari daban, karatu daban. Mai nazari na buƙatar fili a gefen shafi inda zai riƙa zuba sharhi, kuma duk garin nan ba mai injin da zai iya faɗaɗa littafi kamar nasa.

Na ce, "Yaya, ka bar mata kayanta. Na makaranta ne."

Ya ce, "Ke allura kika sani. Bar wa masu abu abinsu."

Kafin in ƙarasa kalmasa bakin rigar da ke hannuna na ji ƙarar wuƙar yankan takarda. Na leƙa, ya datse ƙeyar littafin, ya mai da shi falle-falle. Ya rarraba babi-babi a kan tebur yana jiran a kawo wuta. Babukan ba su da lamba, hoton ɗan keke ne kawai a saman kowanne, don labarin wata yarinya ne da kakanta mai gyaran kekuna, wanda ke harhaɗa mata keken zuwa makaranta daga tsofaffin ƙarafa.

Ana cikin haka mai kemis ya shigo da nasa aikin. Takarda ce falle ɗaya ta bayanin yadda ake shan maganin tsutsar ciki. Yana so a buga masa da yawa, a nannaɗe, ya riƙa jefa wa masu saye a leda. Yaya ya ɗora ta kan babukan, ya ce an gama.

Sai aka kawo wuta. Fankar sama kuwa a lamba ta ƙarshe ya bar ta, sai iska ta kwashi takardun.

Ban taɓa ganin Yaya ya yi tsalle irin na ranar ba. Yana cafke wannan, wancan na fita ta ƙofa. Mai faci ya tsinto wasu a ƙarƙashin mota, mai wankin bayan layi ya kawo ɗaya da ya maƙale jikin zanin gadon da ya shanya. Yaya ya tattara, ya buga gefensu a tebur suka daidaita, ya zuba a inji. Na tambaye shi ko ya duba jerin. Ya ce hannunsa ya san jerin takarda kamar yadda nawa ya san zare, ko ido rufe ba zai ɗora biyu kan ɗaya ba.

Faɗaɗawar ma ta yi faɗaɗa. Rubutu ya fito manya-manya, har lambobin da ke ƙasan shafi suka zame suka fita daga takarda, ba ko ɗaya. Ya huda, ya zura roba, ya yi bango mai ƙyalli, ya rubuta a kai cewa Farfesa ne ya gyara ya kuma yi sharhi. Fallayen asali ya cusa a buhun shara, mai kwasar takardu ya tafi da su kafin rana ta faɗi. Da na ɗora hannu a ka, cewa ya yi laburare godiya za su yi masa, sun ba da ƙwai an mayar musu da zakara.

Ba a jima ba Auta ta fara zuwa da ƙorafi. Ta ce tana tsakiyar littafi, tsohon na kwance yana tari, jikarsa ta tafi ɗauko masa magani. Ta juya shafi sai ta ga ana maganar tsutsa. Ta sake juyawa sai ga mutane cike da gida ana ta'aziyya, yarinyar ta hau kekenta ta tafi makaranta tana kuka. Babi na gaba kuma ga tsohon zaune lafiyarsa lau yana kankare tsatsa, keken ko taya babu.

Ni da na ji haka na dakatar da ɗinki. Yaya kuwa ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge, fuskarsa har ƙyalli take.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, kin fara gani. Wannan shi ake kira waiwaye. Ƙaramin marubuci ne ke bin layi kamar mai jiran ruwa a famfo. Babba sai ya kashe maka mutum, ya dawo da shi, ya ga ko kana farke."

"Kawu, to ai bai ce ya waiwaya ba."

"In ya faɗa ina gwanintar?"

"Tsutsar fa?"

Ya karɓi littafin ya karanta shafin a fili, a hankali, yana kaɗa kai. A sha ƙwaya ɗaya da safe kafin a ci komai. A yanke farce. A wanke hannu bayan an fito daga banɗaki. Ya rufe ido ya jima. Da ya buɗe ya ce wannan ita ce alamtarwa, kuma bai taɓa ganin mai zurfinta ba. Tsutsa na nufin baƙin cikin da ke cin mutum ta ciki. Yanke farce na nufin rabuwa da abin da ya girma tare da kai. Banɗakin kuwa ya ce ya fi ƙarfin ɗan aji biyu, sai ta shiga jami'a.

Na ajiye almakashi na ce wannan ai ta yi kama da takardar mai kemis. Ya dube ni da tausayi. Ya ce takardun mai kemis shi da hannunsa ya buga, ya nannaɗe, ya kai masa cif, mutumin ma har ya fara rabawa. Ya tambaye ni a wane aji na tsaya. Na san amsar, shi ma ya sani, sai na koma kan keken ɗinkina ina taka shi da haushi.

Ba wai na zauna ba ne. Na je kantin littattafai, suka ce ya ƙare sai an koma makaranta. Na je makarantar, maigadi ya ce Malama ta yi tafiya. Na dawo na tarar Yaya ya fito da benci, ya jingina katakon yankan yadina da bango, yana zane a kai da allin ɗinkina. Ya buɗe aji.

Ɗaliba ɗaya ce ta dole, sauran 'yan rashin aikin yi ne. Mai faci na zuwa da ƙafarsa, mai wanki na zuwa da guga a hannu, masu jiran mota na tsayawa. Yaya ya ce kowane labari tsauni ne, a hau, a kai ƙololuwa, a gangaro. Da ya zo zana na wannan littafin sai tsaunin ya ƙi. Ya hau, ya rufta, ya koma baya, ya sake hawa, ya tsaya a sama ba gangara. Ya ja baya ya kalli abin, ya ce shi ya sa aka zaɓi littafin, tsauninsa ba na yara ba ne.

Daga nan duk abin da injinsa ya ɓata sai ya samu suna. Shafin da ya fito sau biyu maimaici ne, don jaddadawa. Wanda tawada ta malale ya yi baƙi ƙirin, marubucin ne ya rasa kalmar da zai faɗi duhun zuciya. Akwai wanda ya shiga kai ƙasa. Wannan kuwa duniya ce ta juye wa yarinyar, kuma dole mai karatu ya juya littafin don ya ɗanɗana abin da ta ji. Mai wanki ya juya nasa kan maimakon littafin, wuyansa ya riƙe har washegari.

Layi ya rabu biyu a kan tsohon. Mai wanki ya rantse fatalwa ce, ya ce duk wanda aka yi wa ta'aziyya ya dawo yana kankare tsatsa ba mutum ba ne. Mai faci bai damu da tsohon ba, keken ne a ransa. Ya lura a wani babi keken na da tayoyi biyu da birki, a na gaba babu ko ɗaya, ya ce lallai akwai ɓarawon taya a littafin nan. Yaya ya miƙa masa hannu suka tafa, ya ce ya gano ɓoyayyen rikici, abin da ko malamai ba sa ganowa. Suka kwashe yamma guda suna binciken wanda ya sace, suka ɗora wa wani maƙwabcin tsohon da ya taɓa shigowa aron famfon iska.

Ni ma ban tsira ba. Ranar darasin kamance wata kwastomata ta zo awo, mace mai jiki, mai kuma yawan kawo ɗinki. Ina zagaya mata tef a ƙugu Yaya ya leƙo da ɗalibansa, ya ce ga misali a fili, kowa ya faɗi abin da ta yi kama da shi. Kowa ya yi shiru, masu hankali. Sai ya ba da nasa, ya ce kamar tankin ruwa da aka ɗaura wa zani. Da matar ta juyo, ya yi saurin bayyana mata cewa ba zagi ba ne, kamance ne kawai, da siffantawa ya yi da cewa zai yi ita tankin ce gaba ɗaya. Ta kwashe yadinta har da wanda na riga na yanka. Har yau in ta zo layinmu ta ɗaya tsallaken take bi.

Mai kemis bai taɓa zama a ajin ba, yana can yana fama da nasa. Ya ce tun da ya fara raba takardun nan maganin tsutsa ya daina motsi. Mutum zai saya, washegari ya dawo da shi ba a ɓare ba, ya ajiye ya fita ba ko sallama. Wata mata ma ta tsaya a ƙofa ta ce masa ya ji tsoron Allah. Yaya ya ce ya kwantar da hankalinsa, kasuwa ma labari ce, sai ta gangara take hawa.

Auta dai karatu take. Ta gama ta koma farko, ta gama ta koma. Ta san inda kowane ɗigon tawada yake. Duk lokacin da ta ce, "Kawu, amma," sai ya ce salo ne, har ta daina cewa. Abin da na lura shi ne ta kamu da son tsohon nan. Tana ba ni labarinsa ina ɗinki, yadda yake ɓoye tarinsa in jikar ta shigo, yadda yake kiran keken amarya. Wata rana ta tambaye ni ko ina ganin ya mutu. Kafin in amsa ta amsa wa kanta. Ta ce bai mutu ba, ai a shafin ƙarshe yana nan zaune, yana ce wa jikar ta je ta kwanta, gobe za su saka sarƙa. Ta ce ta'aziyyar nan ƙila tsoron yarinyar ne kawai. Ta yi murmushi ta rungume littafin.

Ranar komawa Yaya ya gayyaci layi kaf. Ya sa kwat a wannan zafin, ya rataya biro a kowane aljihu. Mai faci ya zo, mai wanki ya zo. Mai kemis ma ya rufe shago ya biyo mu, tunda ba cinikin yake ba. Ya taho yana huci, wai da sassafe wani tsoho ya zo ya jefe shi da magani da takardar a fuska, ya kira shi mai kisan kai. Ya tsinci takardar ya cusa a aljihu bai ko buɗe ba.

Zauren makarantar ya cika da iyaye. A gaba akwai tebur, Malama a gefe, shugaban makaranta a tsakiya. Da gani ka san shugaban bai karanta littafin ba, yana dai riƙe da jan biro yana gyara murya.

Aka kira Auta. Ta buɗe baki, kuma wallahi ta yi magana. Yarinyar da ba ta iya haɗa jimla biyu a gaban mutane ta tsaya tana zuba bayani. Ta faɗi waiwaye, ta faɗi maimaici, ta juya littafin kai ƙasa ta nuna yadda duniya ta juye. Shugaba na ta gyaɗa kai. Ya juya ga iyaye ya ce irin wannan zurfin ne suke koyarwa a makarantar nan. Malama kuwa ta buɗe nata kwafin littafin, tana duban shafi, tana duban Auta, girarta na haɗewa.

Yaya bai iya daurewa ba. Ya miƙe ya gabatar da kansa, ya ce shi ya horar da ita, kuma ba a ma zo wurin ba tukuna. Ya umarce ta ta karanta shafin alamtarwa.

Ta karanta. A sha ƙwaya ɗaya da safe kafin a ci komai. Shugaba ya lumshe ido yana jin daɗi. Tana kaiwa yanke farce mai kemis ya miƙe tsaye.

"Wannan ai takardata ce."

Yaya ya ce masa ya zauna, nan ba kemis ba ne.

"Ni na rubuta ta da hannuna. In tawa na cikin littafi, to me nake ba mutane?"

Ya laluba aljihu ya fito da ita, ya warware. Ya fara karantawa a zuci, leɓensa na motsi, sai muka ga ya dafa benci. Wani daga baya ya ce a karanta kowa ya ji. Ya karanto layi biyu kawai, inda tsoho ya karɓi maganin ya haɗiye, ya ce yanzu kam zai huta, daga nan bai sake tashi ba.

Zaure ya kece da dariya. Wata mata a layin gaba ta ce ashe shi ne, ita ma an ba ta, ta zubar da maganin a masai. Wani ya ce surukarsa har wasiyya ta yi. Mai kemis ya yi kan Yaya, mai faci ya riƙe shi ta baya. Yaya ya ja da baya yana gyara kwat, yana cewa a yi haƙuri, ilimi ai duk ɗaya ne, adabi da magani tushensu guda. Mai wanki ya tambaya da gaske ko ke nan ba fatalwar, ba wanda ya kula shi.

Malama ta karɓi littafin ta bubbuɗe. Ta tambayi inda na laburare yake. Yaya ya ce wannan ɗin ne, an inganta shi. Ta dube shi, ta dube ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shugaba ne ya fi kowa fusata, don shi ya yi yabo a gaban jama'a. Ya ce magana ta ƙare, yarinya ba ta kawo zubin labarin ba, ta kawo shirme, yau kuma ake rufe rajista. Za ta maimaita. Auta na tsaye inda take, ba ta yi kuka ba, ta dai koma wasa da yatsunta. Ƙawayenta na leƙe ta taga. 

Malama ce ta yi magana. Ta tambayi Auta ko ba ta lura labarin a birkice yake ba. Ta ce ta lura tun farko, an ce mata salo ne. Malama ta juya ga shugaba ta ce abin da ake gwadawa shi ne ko yarinya ta san abin da ke jawo wani abu a labari. A cire robar, a ba ta babukan, ta jera su da kanta ta faɗi dalili. In ta kuskure ko ɗaya, hukuncinsa ya tsaya. Shugaba ya ce to, a yi a gama.

Yaya ya ce cire roba aikin gwani ne, kada a ɓata masa bango. Kafin a hana shi ya fizge littafin, ya sa babban yatsa ya ja. Robar ta tsinke ta harbe shi a hanci, takardu suka watse har ƙarƙashin bencina. Iyaye suka durƙusa suna tsinta, har da matar da ta zubar da magani. Aka tara wa Auta a gabanta tuli guda, Yaya kuma aka zaunar da shi tsakanin mai faci da mai kemis, yana toshe hanci da hankici.

Ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa. Ba ta ko karanta shafi duka, ta dubi layin farko ta ajiye shi wurinsa. Ta ware wanda ya fito sau biyu, ta ware na tsutsa ta miƙa wa mai shi. Da babukan suka haɗu ta fara jerawa tana magana, a hankali, kamar da kanta take. Wannan ne farko, don keken ƙarfe ne tsirara. Wannan na biye, an sa sarƙa, kuma tsohon ya fara tari sau ɗaya-ɗaya. Nan an sa taya, tarin ya hana shi barci. Nan ya sayar da kayan aikinsa ya sayi birki, ba zai sayar ba da yana sa ran sake aiki. Da ta faɗi haka sai ta tsaya. Mai faci ya ce a hankali ashe ba ɓarawo.

Babi ɗaya ya rage a hannunta, na ta'aziyya, kuma wuri ɗaya ya rage, can ƙarshe. Ta riƙe shi ta ƙi ajiyewa. Ta duba jerin daga farko ko akwai inda zai shiga, babu. Ta ajiye, ta ce akwai shafi ɗaya da ya ɓace kafin wannan. Mai kemis ya taso ya ba ta takardarsa duk ta yamutse.

Malama ta ce ta karanta.

Ta karanta har ƙasa. Yadda jikar ta kawo maganin da ruwa, yadda ya sha ya ce ta turo keken bakin ƙofa ya gani, yadda ya ce ta kaɗa ƙararrawar. Ta kaɗa, ta waiwayo ta tambaye shi ko ya ji. Layin da aka yi wa dariya ɗazu ya zo, ba wanda ya yi ko tari. Auta ta ƙarasa, ta ɗago ta dubi Malama.

"Ashe bai dawo ba."

Malama ta ce bai dawo ba. Ta ja rajista gabanta, ta karɓi jan biron daga hannun shugaba ba tare da ta tambaya ba, ta rubuta. Ta ce Auta ta wuce aji uku. Batun littafin laburare kuma, ta ce ita da Farfesa ne.

Muka fito. Ni daɗi ya cika ni, ina ta jan hannunta ina cewa ta ci, ta yi dariya mana. Ƙawayenta suka rufe ta da murna, ta bi su da ido kawai. A bayanmu Yaya ya riga ya farfaɗo. Hanci a kumbure, mai kemis na riƙe da gefen kwat ɗinsa, amma yana bayyana wa mai wanki cewa da gangan ya birkita littafin, sabuwar hanyar koyarwa ce, ga shi kowa ya ga sakamako. Har ya fara lissafa makarantun da zai kai wa tsarin.

Auta ta tsaya a bakin ƙofar makaranta ta jira ya iso. Takardun na ƙirjinta, a jere, ba roba. Hawaye na zuba ba ta share ba.

Ta ce, "Kawu, da ma na bar shi yadda ka jera. A naka yana da rai."

Na jira in ji sunan da zai ba wannan. Ya buɗe baki, ya dubi yarinyar, ya rufe. Tun da nake da Yaya ban taɓa ganin an yabi aikinsa ya yi shiru ba sai ranar, kuma har muka isa layinmu bai ce uffan ba.